Gurbin Hagu

Idan mutum ya shekara talatin da huɗu yana rusunawa, sai rana ɗaya aka ce masa babu kowa a gabansa, shi kuma ya kasa miƙewa, laifin wa ke nan? Nasa, ko na waɗanda suka yi ta yaba masa rusunawar har suka kai shi inda ba a rusunawa? Shekara shida ke nan da na ajiye aiki, ina zaune a ƙauyenmu cikin lardin Niigata ina noman tumatir, kuma har yau ban sami amsa ba.

Sunana Onozuka. Ban yi jami'a ba. Aikina a ma'aikatar kuɗi a Tokyo shi ne kai takardu daga wannan tebur zuwa wancan, ɗan abin da na sani kuwa daga jikin takardun na karanto shi a kan matakala. A nan na san Kuramochi Shigeo.

A saman kowace takarda akwai jerin gurabe na buga hatimi. Ƙaramin ma'aikaci yana bugawa a gurbin dama, na gaba da shi a na kusa, a haka har a kai gurbin ƙarshe na hagu, wanda shi ne na babba. Kowa yakan ɗan karkata hatiminsa zuwa hagu, sunansa ya fito kamar mai gaida na gaba da shi. Babba kaɗai ke bugawa a tsaye. Duk muna yin haka, amma babu wanda ya kai Kuramochi iyawa. Ga shugaban sashe yakan karkata kaɗan, ga darakta ya ƙara, ga minista kuwa sunan nasa yakan kusan kwantawa. Har ta kai mutane na leƙa takardunsa don su san wanda tauraronsa ke hawa da wanda nasa ke faɗuwa. Bai taɓa ƙirƙiro takarda ba, bai taɓa mayar da wata baya ba, bai kuma taɓa ɓata wa kowa rai ba. Da haka ya yi ta hawa.

Da kujerar shugaban bankin raya ƙasashen yankin ta zama babu kowa a kai, aka nemi mutumin da ba shi da abokin gaba ko ɗaya. Ba a daɗe ana nema ba. Ya tafi Manila, ya tafi da ni don in riƙe masa hatimi da tawada.

A bankin da alƙalami suke sa hannu. Kuramochi ya ga wannan rashin ladabi ne, domin sa hannu ba ya gaida kowa. Ya sa aka sassaƙa wa kowane ma'aikaci hatimi da sunansa, 'yan Pakistan da 'yan Koriya da 'yan Tonga da kowa, aka buga sababbin takardu masu gurabe, ya tara su a babban zaure ya koya musu karkatawa. Abin ya burge su. Wani injiniya ɗan Nepal har matarsa ya sa aka yi wa.

Takarda ta farko ta iso teburinsa ranar wata Litinin, hatimi takwas a jere, kowanne ya sunkuya wa na gaba da shi. Na buɗe jar tawada. Ya dangwala, ya ɗaga hannu, sai hannun ya tsaya a sama.

"Onozuka-kun," in ji shi, yadda babba ke kiran na ƙasa da shi a wajenmu, "mene ne a haguna?"

"Bakin takarda, Shugaba."

"Bayan bakin takarda fa?"

"Tebur."

Ya daɗe yana kallon teburin. "Tebur ba ya amsa gaisuwa," in ji shi.

Na kawo masa farar takarda ya gwada. Ya buga sau arba'in, duk arba'in ɗin suka fito a karkace. Na sa masa ma'auni a gefe, hatimin ya ture ma'aunin. Likitan banki ya duba wuyan hannun ya ce lafiyarsa ƙalau. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a gaya mana yadda ake miƙar da shi in ya bushe ba.

Washegari Kuramochi ya iso da fara'a. Ya ba da umarni a ƙara gurbi ɗaya a hagun nasa a kowace takarda. Aka ƙara. Ya zauna ya buga hatimi a takarda sittin kafin azahar, sunansa yana gaida gurbin da babu komai a cikinsa, yana ɗan rera waƙa a ƙasan maƙoshi.

Da yamma takardun suka dawo a hannun Samarakoon, babban lauyan banki, wani dogon mutum ɗan Sri Lanka mai magana kamar yana auna gishiri.

"Shugaba, akwai gurbin da ba a cike ba. Takardar da ke da gurbi a buɗe ba ta kammala ba."

"Haka ne."

"To wa zai cike?"

"Mai gurbin."

"Wane ne shi?"

"Ana nazari," in ji Kuramochi.

Da lauyan ya fita na yi abin da ban saba ba, na yi magana ba a tambaye ni ba. Na ce, "Shugaba, tunda gurbin ba na kowa ba ne, me zai hana ka buga a ciki da kanka?"

Ya dube ni kamar na ce ya shiga gidan mutane da takalmi. "In gaida kaina? Ka san abin da kake faɗa kuwa? Wanda ya buga a can, ranar da gada ta rushe, sunansa ne kaɗai za a tarar a tsaye. Sauran duk suna nuna shi da ka. Ba zan buga ba, Onozuka-kun. Kar ka ƙara kawo mini zancen."

Ban ƙara ba.

Dokar banki ta ce duk mai gurbi a takarda sai an ba shi ofis. Duk ofis kuma sai an sa masa kujera da waya, a riƙa kai shayi sau biyu a rana. Aka buɗe ɗakin da ke kusa da na Shugaba a hawa na tara, aka sa kujerar fata mai juyawa, na riƙa jibge takardu a ciki suna jiran mai su. Matar da ke raba shayi takan kai kofi da ƙarfe goma da kuma ƙarfe uku, ta dawo ta ɗauke shi ya huce. Ma'aikata suka sa wa mai ofishin suna Na Hagu.

Ba a yi wata biyu ba aka san halinsa. Aka ce mutum ne mai tsanani, ba ya son madatsun ruwa, shi ya sa bai saki ko ɗaya ba. Masu madatsun ruwa suka janye takardunsu suka sake rubutawa. Aka ce ba ya son surutu, mutane suka riƙa tafiya a kan yatsu in sun zo hawa na tara. Wata mai lissafi ta rantse ta hau lif da shi, gajere ne mai gashin baki, bai amsa gaisuwarta ba. A ƙarshen shekara sashe-sashe suka aika masa da kyautar lemo da tawul. Ni na san babu kowa a ɗakin, ni ke da mabuɗin, amma na kama kaina ina ƙwanƙwasawa kafin in shiga.

Kuramochi kuwa bai taɓa samun kwanciyar hankali irin ta lokacin ba. Ya yi ƙiba. Kowace safiya yakan tsaya a bakin ƙofar ya rusuna kafin ya wuce nasa ofishin. Wata bakwai babu takardar da ta fita daga bankin, babu kuma wanda ya yi kuskure.

Sai Mayora Pilar Tabangcura ta zo.

Ita ce Mayora, wato shugabar ƙaramar hukuma, ta wani tsibiri mai suna Tagubay, kwana biyu a jirgin ruwa daga Manila. Gajeruwar dattijuwa ce mai faɗin kafaɗa, da lema a hammata, da kwandon busasshen kifi a hannu. Yadda ta wuce masu gadi ban sani ba, amma daga baya na ga biyu daga cikinsu suna tauna. Rijiya ɗaya ce tak mai ruwan daɗi a tsibirin nasu, kuma teku na cin gaɓar da ke gabanta. Injiniyoyinmu sun je sun gani, sun zana katangar dutse, kowa ya yarda. Ta bi sawun takardar ofis bayan ofis har sawun ya ƙare a hawa na tara.

"Manong," ta ce da ni, yadda suke kiran namijin da ya manyanta, "ina mai wannan ofishin?"

"Bai iso ba."

"Yaushe yake isowa?"

"Ba a sanar ba tukuna."

"Taku goma sha ɗaya ya rage tsakanin teku da rijiyarmu. Ƙanin mijina ke aunawa kullum in ruwa ya cika. Kuma ƙafarsa gajera ce, a takun mutumin kirki tara ne. In ruwan gishiri ya shiga, ya shiga ke nan, sai mu kwashe tsofaffinmu mu zo mu zauna muku a ƙarƙashin gada. Zan jira shi."

Ta dubi ɗakin. Takardu sun cinye ko'ina, sun hau kujerun baƙi, sun kai rabin taga. Wuri ɗaya ne babu komai a kai. Ta ajiye kwandonta, ta zauna a kujerar fata, ta cire takalmi.

Ƙarfe goma mai shayi ta turo ƙofa. Sai ta ga mutum a kujerar. Ta ajiye kofi, ta ja da baya. Mayora ta shanye ta nemi ƙarin sukari. Kafin azahar labari ya sauka har hawa na ƙasa cewa Na Hagu ya iso, ashe ma mace ce, kuma ta sha shayi.

Aka yi layi. Mataimakan shugaba suka zo gaisuwa. Masu madatsun ruwa suka zo jin ko an yafe musu. Ita ba ta san me ake ciki ba, ba ta kuma damu ba. Duk wanda ya shigo takan ba shi kifi ɗaya, ta gaya masa ya rame, ta tambaye shi ina takardar katangarta. Wani darakta ya kawo mata zancen titin jirgin ƙasa, ta ce ya je ya aske gashin hancinsa tukuna. Ya je ya aske. Na gaya wa mutum uku gaskiyar ko wace ce ita, dukansu suka ce dama sun ji an ce tana da sauƙin kai.

A rana ta uku Kuramochi ya sa kwat ɗinsa ta zuwa fada ya shigo. Ni da lauya Samarakoon muna bayansa. Mun tarar tana cin shinkafa da kifi a kan takardun wata tashar jiragen ruwa. Ya rusuna har na ga tsakiyar kansa.

"Mun daɗe muna jiranki," in ji shi.

"Ni ce na daɗe ina jiranku. Kai ne babba a nan?"

"A'a. Ni shugaba ne kawai."

"To, Tatang, yau taku bakwai." Ta kira shi da sunan da suke kiran tsoho, ko da yake ba na jin ya girme ta. "Wa zai sa hannu?"

Na riga na zaƙulo takardar tun daren farko da ta zo, tana can ƙasan tulin da ke kusa da taga. Na shimfiɗa ta a tebur. Hatimi tara a jere, na tara na Kuramochi ne, ya kwanta yana gaida farin gurbi. Ya nuna mata gurbin da hannu biyu.

"Nan kaɗai? Abin da ya riƙe mu wata bakwai ke nan? Manong, miƙo tawadar." Ta lashe babban yatsanta ta goge a zane.

Samarakoon ya yi gyaran murya. "Mai neman abu ba ya amince wa kansa, Mayora. In kika dangwala, takardar ta mutu."

"To shi ya buga mana. Ba shi da hannu ne?"

Na ga idon Kuramochi ya yi haske. Ya matso taku ɗaya. "Umarni kike ba ni?"

"Umarni mana. Na ba ka na yau, na ba ka na gobe."

Ya karɓi hatimi daga hannuna kamar mai karɓar ruwa a tsakar rana. Bai kai ga tawada ba lauyan ya sake gyaran murya.

"In an buga bisa umarnin mai nema, shi ma ya ɓaci. Sai a koma farko, a sake aika injiniyoyi. Shekara biyu. Dole ta janye umarnin, kuma a rubuce."

Mayora ta juya kujerar ta fuskance shi. "Kai ɗan nan, in wuta ta kama a gidanku, sai ka nemi takardar izini kafin ka fita?"

"Tana manne a bayan ƙofa, Mayora."

Ta dube shi ta ga ba wasa yake ba. Ta karɓi alƙalami ta rubuta cewa ita, Pilar Tabangcura, ba ta umarci kowa da komai ba, kuma tana fatan duk wanda ya karanta wannan ya sha ruwan gishiri. Lauyan ya ce jimla ta biyu ba ta da illa a shari'a, ya sa a fayil.

Daga nan Kuramochi ya shiga neman wanda zai ce masa ya yi. Ya tambayi lauyan, lauyan ya ce shi shawara yake bayarwa, ba umarni ba, shawararsa kuma ita ce gurbi yana bukatar hatimi. Ya sa na kira Tokyo. Can suka ce bankin mai cin gashin kansa ne, ba sa sa masa baki, suna kuma gaishe shi da zafin Manila. Ya kira wakilan ƙasashe, suka ce ai tun ranar da suka zaɓe shi suka damƙa masa irin wannan. Ya kira matarsa, ta ce ita tana wurin gyaran gashi. Kwana biyu aka yi ana wannan, Mayora na zaune a kujerar tana kallo, kifinta na raguwa.

Ranar Juma'a da rana wayarta ta yi ƙara muna ɗakin. Ta danna ta ajiye a kan tebur don kowa ya ji. Ƙarar ruwa ce ta fara fitowa, sannan muryar ƙanin mijinta yana haki, yana kiranta Manang, wato yaya.

"Manang, ga ni a bakin rijiya. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu." Aka ji fantsamar ruwa. "Na biyar ƙafata a ruwa take."

"Jiya ka ce shida."

"Jiya ai babu iska."

"Rage takun."

"In na rage fiye da haka sai dai in ja gindi, Manang."

Ta kashe wayar. Kuramochi ya juyo ya dube ni, ya yi ƙasa da murya yadda ko lauyan ba zai ji ba.

"Onozuka-kun. Kai ka taɓa cewa in buga."

"Ka ce kar in ƙara, Shugaba."

"Na janye. Ka ce mini in buga. Ba sai da ƙarfi ba."

Wannan wurin ne nake yawan komawa in ina cikin tumatir. Kalma ɗaya ce. Dokar lauyan ba ta hana ni ba, domin ba na neman komai a bankin, sunana ma ba ya cikin kowane gurbi. Na san rijiyar, na ji ruwan da kunnena. Na buɗe baki da niyyar in ce buga. Abin da ya fito shi ne, "Duk yadda Shugaba ya gani." Shekara talatin da huɗu ina yi wa hannunsa dariya a zuci, ban taɓa duba bakina ba.

Mayora ta sa takalminta. Ta tashi, ta kakkaɓe ƙayar kifi daga kujerar, ta rataya kwando.

"Ga kujerarku. Jirgin ruwa na tashi ƙarfe shida. Zan je in tara mata mu cika buhuna da yashi, ko ba komai buhu ba ya jiran kowa." Ta nufi ƙofa, ta tsaya tana neman lemarta a cikin takardu.

Kuramochi ya kwana biyu a tsaye yana waya, ga ƙiba, ga kwat mai nauyi. Ya waiga yana neman inda zai zauna, kuma a ɗakin nan wuri ɗaya ne babu takarda a kai. Ina jin bai san ya zauna ba sai da kujerar ta ɗan juya da shi. Ya dafa hannun kujerar zai miƙe, sai ƙarfe uku ta buga, mai shayi ta turo ƙofa. Ba ta dubi fuska ba. Ita dai an ce ta kai wa mai kujera. Ta ajiye kofi a gabansa, ta rusuna, ta fita da baya.

Ya kalli kofin. Ya kalli hagunsa, inda babu komai sai bango da taga. Ya ɗauka ya kurɓa.

"Ta sa sukari," in ji shi.

"Ni na koya mata," in ji Mayora daga bakin ƙofa. "Naku kamar ruwan wankin ganye."

Ya jawo takardar Tagubay gabansa. Ban buɗe masa tawada ba, shi ya buɗe. Ya dangwala, ya ɗaga hannu a kan farin gurbin, sai wuyan hannun ya karkata hagu kamar yadda ya saba. Ya yi ƙoƙarin miƙar da shi, ya ƙi. Ya sake, gumi ya tsattsafo masa a goshi, hannun dai yana nan a rusune. Samarakoon ya buɗe baki, Mayora ta ɗora masa kan lema a kan takalmi, ya rufe.

Sai Kuramochi ya sa ɗaya hannun, ya juya takardar a hankali zuwa hagu, kaɗan-kaɗan, har ta daidaita da karkatar hannunsa. Ya ja numfashi ya danna. Da ya ɗaga, sunansa na tsaye a gurbin hagu, jajir, a gefensa kuma ga tsohon sunan nasa ya sunkuya yana gaishe shi.